Kundin aikin kiwon jelifish a Kaduna: abin da ake ba su da yadda suke karɓa

4 ga Nuwamba, 2024

An gama haɗa tankuna biyu a ɗakin aiki da ke Barnawa. Abin da ake nema shi ne abincin da za a iya samarwa kullum a nan Kaduna, nesa da teku, wanda zai riƙe jelifish ya girma har ya hayayyafa. Halitta ce mai siffar lema, ba ƙashi, ba jini, ba zuciya, kusan kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Ba ta bin abinci da gudu kamar tarwada, sai abin da ruwa ya kawo ya taɓa jikinta. Saboda haka maganar ciyarwa daga siffar tanki take farawa.

Iri biyu za a kiwata. Ta farko Aurelia aurita, za mu riƙa kiranta Aureliya, fara ce garau mai zobba huɗu a tsakiyar lema, kuma ruwan sanyi take so. Ta biyu Cassiopea, wato Kasiyofiya, mai kwanciya rigingine a ƙasan ruwa, wadda ta saba da ɗumin gaɓar tekun ƙasashe masu zafi.

Tankin Aureliya da'ira ne a tsaye kamar an jingina ganga a gefenta, faɗinsa santimita 60, kaurinsa santimita 25, yana ɗaukar kusan lita 70. Wani masani Bajamushe, Wulf Greve, shi ya fito da asalin wannan tsari a 1968. Ruwa yana shiga ta wani siririn bututu mai jerin huji, ya bi bango yana juyawa a hankali, jelifish da abincinsa su kasance a rataye a tsakiya. Masu aikin allon talla suka yanka mana roba mai kama da gilashi mai kaurin milimita 8, ƙafar ƙarfen kuma a Panteka aka haɗa ta. A ƙarƙashinsa akwai tankin tacewa mai lita 40. Na Kasiyofiya kuwa akwatin gilashi ne, tsawo 90, faɗi 45, zurfin ruwa santimita 20, wato kimanin lita 80, da ɗan yashi mai laushi a ƙasa.

Ruwan rijiyar burtsatse aka bi da shi ta na'urar tacewa mai fitar da ma'adinai, sannan aka zuba gishirin teku na kiwon halittun ruwa, giram 37 a kowace lita, ma'aunin gishiri ya tsaya a 33 cikin dubu. Gishirin miya ba zai yi wannan aiki ba, domin babu kalshiyam da magniziyam da sauran ma'adinan da ke cikin ruwan teku.

26 ga Nuwamba, 2024

Tankunan suna aiki ba komai a ciki, ana ɗiga musu amoniya don ƙwayoyin bakteriyan da za su cinye ƙazantar abinci su kafu a soson tacewa. Amoniya ta sauko sifili, naitrayit, gubar da bakteriyan ke mayar da amoniya zuwa gare ta, yana sama tukuna. Sai ya sauko za a kawo dabbobi.

Babban aikin makon nan shi ne wurin ƙyanƙyasar atimiya. Duk mai ƙyanƙyasar tarwada ya san ta, ita ce ake fara ba 'ya'yan kifi. Ƙanƙanuwar jatan lande ce ta tafkunan gishiri, kaso mai yawa na ƙwanta daga babban tafkin gishiri na jihar Utah a Amurka ake kwaso shi, kuma giram ɗaya yana ɗauke da ƙwai kusan dubu 250.

Sayen farko kuskure ne. Gwangwanin da aka samo wajen masu kayan kiwon kifi na mai cirarren ɓawo ne da aka busar, wanda ake barbaɗa wa 'ya'yan tarwada kai tsaye. Ya kwana biyu a kwalba da iska bai fashe ko ɗaya ba, ba a yi shi don ya fashe ba. Ɗan tarwada yana tsintar abin da ya nutse ƙasa, jelifish ba ya iyawa. Duk mai saye sai ya faɗa wa mai shago a fili cewa mai ƙyanƙyashewa yake so, launin ƙasa-ƙasa mai kama da garin yashi, ba ruwan lemo ba.

Tsarin da aka tsayar: gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a yanke gindinta, a kife ta, a huda murfin a saka tiyon iska ta ƙasa. Lita ɗaya ta ruwa, giram 25 na gishiri, giram ɗaya na ƙwai da aka auna a sikelin masu gwal. A nan gishirin miya ya wadatar, da ɗan tsunkulen bakin soda don kada ruwan ya yi tsami. Iska mai ƙarfi yadda ƙwan ba zai kwanta ba, fitila a kusa, zafi digiri 27 zuwa 28. Cikin awa 24 ruwan ya koma ruwan lemo. Gorori biyu ne, ɗaya a ɗora ta bayan asuba, ɗaya bayan magariba, don a riƙa samun sabuwar ƙyanƙyasa sau biyu a yini.

Wajen kwashewa a kashe iska, a rufe saman gorar da baƙin ƙyalle, a haska tocila a ƙasa, a jira minti goma. Fankon ɓawo ya taso sama, ƙwan da bai fashe ba ya kwanta a murfi, 'ya'yan su taru a wurin haske. A zubar da ɗigon farko, a tari sauran a rariya mai ido maikiron 120 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), a ɗauraye da ruwan teku mai tsabta. Ruwan gorar ba ya shiga tanki ko kaɗan, cike yake da amoniya da bakteriya.

15 ga Disamba, 2024

Dabbobin sun iso daga wani mai sayar da halittun ruwa a Legas, a cikin kula, ta motar dare. Kasiyofiya shida masu faɗin santimita 4 zuwa 5. Aureliya kuwa ba manya aka karɓo ba, folif aka karɓo, wato matakin rayuwarta da take manne a jikin abu kamar ɗan tsiro mai milimita biyu zuwa uku da zaruruwa goma sha shida. Kusan arba'in ne a kan guntun roba. Folif yana jure tafiya da yunwa yadda babba ba zai jure ba.

An bar ledojin suna yawo a saman tanki minti 30, sannan aka riƙa zuba musu rabin kofi na ruwan tanki duk minti goma har awa ɗaya da rabi. Da kwano aka kwashe su tare da ruwansu. Ba a ɗaga jelifish a iska, ba a kama shi da raga. Ranar farko ba abinci.

Washegari aka ba Kasiyofiya atimiya da sirinji mai ɗan tiyo a baki, mililita biyu a kan kowace, bayan an kashe famfo. Abin kallo ne. Tana kwance lemarta a ƙasa tana bugawa, hannuwanta takwas masu rassa suna sama kamar ganyen latas. Ba ta da babban baki guda, ƙananan bakuna ne birjik a jikin rassan. Da 'ya'yan atimiya suka sauka, sai wani yauƙi fari ya taso daga tsakanin hannuwan kamar hayaƙi, cikin minti biyu waɗanda suka shiga cikinsa sun daina motsi, bugun lemar kuma yana jawo ruwan ya bi ta cikin rassan. A cikin yauƙin akwai 'yan dunƙulen ƙwayoyin harbi masu yawo da kansu, waɗanda masu bincike suka bayyana a 2020. Su ne ke sa hannu ƙaiƙayi ko ba a taɓa dabbar ba, don haka an ajiye safar hannu doguwa a gefen tankin.

Atimiya rabin abincinta ce kawai. A cikin naman jikinta akwai ƙwayoyin gansakuka masu rai, su ke ba ta launin ƙasa-ƙasa, suna haɗa sukari da haske su ba ta, ita kuma ta ba su masauki da abin da jikinta ya fitar. Fitilar da ke kan tankin, fara da shuɗiya, wat 40, awa 12 a yini, a lissafin abinci muke saka ta. Irin wannan zama ne na jelifish ɗin wani tafki a tsibiran Palau, waɗanda ke bin rana daga wannan gefe zuwa wancan kullum.

Folif ɗin suna cikin roba mai lita biyu a wuri mai duhu, digiri 23. Ana ba su atimiya sau uku a mako, a bar su awa ɗaya, a sauya ruwan gaba ɗaya. Wanda ya ci sai ya koma ruwan lemo ya kumbura.

29 ga Disamba, 2024

Hunturu ya kama sosai, kuma a gorar atimiya ya fara nunawa. Da dare ɗakin yana sauka digiri 19. Ana ƙidaya haka: a ɗebi mililita ɗaya daga gorar, a cika shi goma, a ɗebi ɗaya a ƙirga a kan farin faranti. A Nuwamba ana samun 19 zuwa 21, wato kusan dubu 200 a gora. Makon nan 7 ko 8 ake samu a awa 24. Ƙwan lafiyarsa ƙalau, sanyi ne ya ja ƙyanƙyasar zuwa awa 36 ko fiye. An tsoma gororin biyu a bokitin ruwa mai hita wat 50, lissafi ya koma yadda yake.

Bushewar iska tana shanye kusan lita biyu a yini daga tankin Kasiyofiya. Ruwa ne ke tafiya, gishiri yana nan, har ma'auni ya kai 36. Da ruwan da ba gishiri ake cikawa, kaɗan-kaɗan safe da yamma. Ƙura kuma tana yin fata a saman ruwa ta rage haske, an sa murfin gilashi ana goge shi kullum.

Folif sun kai saba'in da 'yan kai ta hanyar tohuwa. An raba su biyu, an sa rabi a ƙaramin firijin lemo da aka saita a digiri 14.

19 ga Janairu, 2025

Bayan kwana 17 a sanyi, folif goma sha ɗaya sun yi tsawo, jikinsu ya yi gaɓa-gaɓa kamar an jera faifai, launinsu ya koma ja-ja. Da zarar an ga haka aka daina ba su abinci, domin zaruruwansu sun shige, ba sa kamawa, atimiyar sai dai ta mutu ta ɓata ruwa. Kowane faifai ya ɓalle ya zama efira, jaririn jelifish mai siffar tauraro da ƙafafu takwas, faɗinsa bai wuce milimita uku ba. An ƙirga 86.

An raba su a kwalabe huɗu masu lita uku-uku, da tsinken iska mai sakin kumfa ɗaya a daƙiƙa, don kada su kwanta a ƙasa. Ɗan atimiya sabon fashewa kusan rabin milimita ne, efira tana iya kama shi, amma da ƙyar. Wanda ya kwana ya yi girma ya yi sauri, sai ya fizge. A manyan gidajen kifi rotifa ake fara ba su, wata halitta da ta fi ɗan atimiya ƙanƙanta, mu ba mu da ita tukuna. Abin da aka yi shi ne kwashe atimiya a awa 18, a sanyaya ta minti 20 a firiji don motsinta ya ragu, a zuba yadda za a sami kamar biyu a kowane mililita. Bayan awa ɗaya a ɗaga kwalbar a haske. Efirar da ta ci za a ga ɗigon ruwan lemo biyu ko uku a tsakiyarta. Sannan a kwashe su ɗaya-ɗaya da bututu mai faɗin baki zuwa sabuwar kwalba mai zafi da gishiri daidai da na tsohuwar. Kullum ake yi, yana cin awa guda, ba kuma a tsallake shi.

9 ga Fabrairu, 2025

Efira 52 suka tsira, tsakanin ƙafafunsu ya cike sun zama lema sosai, faɗi santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Daga wannan girma kumfa ta zama haɗari: takan maƙale a ƙarƙashin lema ta shiga hanyoyin abinci, ta huda jiki ta fito ta sama. An zaɓi 20 mafi kyawun bugu an mayar da su tankin da'ira a digiri 19, sauran an bar su a baho mai juyin ruwa marar kumfa.

A tankin da'ira ake ganin cin Aureliya da kyau. Zaruruwan gefen lema gajeru ne masu yawa kamar geza, suna kamawa, amma duk saman lemar ma tarko ne. Ɗan atimiya ya taɓa ta ya maƙale a yauƙi, ƙananan gashi su tura shi gefe, ya taru a 'yan aljihuna takwas, hannuwan baki huɗu su lanƙwaso su lashe su kai ciki. Cikin minti 40 zobban nan huɗu sun rine. Bayan awa huɗu zuwa biyar launin ya bi siraran hanyoyi ya watsu cikin lema ya ɓace. Da wannan muke auna yawan abinci: ciki huɗu su cika, ruwa kuma ya washe cikin awa ɗaya. In awa ɗaya ta wuce ana ganin atimiya tana yawo, an zuba fiye da kima.

23 ga Fabrairu, 2025

An zuba fiye da kima ɗin kuwa. Don a hanzarta girma aka ninka abincin zuwa gora guda safe, gora guda yamma. Cikin kwana goma amoniya ta nuna 0.25, ruwan ya yi hazo, wasu fararen tsirrai masu kama da gashi suka fito a bango da ragar mafitar ruwa. Haidiroyid ne, dangin jelifish ne na nesa, suna cin atimiyar da ta rage, suna kuma harbin duk lemar da ta goge su. Uku sun sami yagewa a gefe, biyu lemarsu ta juye ciki ya koma waje kamar lemar da iska ta murɗe.

An kwashe dabbobin a baho, an kankare bango, an jiƙa tankin da ruwan da ba gishiri na awa shida, wanda ke kashe haidiroyid, ba tare da an taɓa soson tacewa ba. Abinci ya koma kashi ɗaya cikin uku na gora sau biyu a yini, kimanin dubu 65 kowane zubi. Kullum da yamma a zuƙe dattin ƙasa da siririn tiyo, kowane mako a sauya kashi 15 cikin ɗari na ruwa. Sabon ruwan gishiri sai ya kwana yana juyawa kafin a yi amfani da shi, wanda aka haɗa yanzu-yanzu yana ƙona musu fata.

An kuma ga ɓawon ƙwai a cikin biyu daga cikinsu, baƙaƙen ɗigo da suka kwana uku ba su narke ba. Daga yanzu ana cire ɓawon kafin ƙyanƙyasa: a jiƙa giram 10 a ruwa awa ɗaya da iska, a tace, a zuba a ruwan bilic marar turare da aka surka da ruwan sanyi rabi da rabi, a riƙa juyawa. Launi zai tashi daga ƙasa-ƙasa zuwa toka-toka zuwa ruwan lemo, yawanci cikin minti uku zuwa biyar. Da ganin ruwan lemo a juye a rariya a wanke har warin ya tafi. Haɗin yana ɗaukar zafi da kansa, in ya haura digiri 40 ƙwan ya mutu, don haka a ajiye kwanon a cikin ruwan ƙanƙara. Abin da ba a ɗora ba a ajiye shi a ruwan da ya ƙoshi da gishiri a firiji, yana kai mako guda.

16 ga Maris, 2025

Wannan shi ne abu mafi muhimmanci da aikin ya nuna zuwa yanzu. Ruwa ya gyaru, cikinsu yana cika sau biyu kullum, amma girma ya tsaya. Ana awo duk Lahadi, a sa dabbar a faranti mai ɗan ruwa a kan rula, a karanta lokacin da lema ta buɗe. Matsakaicin faɗi ya tsaya a santimita 4.2 mako biyu, ya sauko 3.9. Lemar ta yi siriri ta baje kamar faifai, bugun ya yi rauni. Jelifish in bai sami abin da jikinsa ke buƙata ba, ba ya mutuwa nan take, jikinsa yake ci yana ƙanƙancewa, in abinci ya gyaru ya sake girma. Don haka rula ta fi ido gaskiya, cikar ciki ba ita ce ƙoshi ba.

A teku Aureliya ba abu ɗaya take ci ba. Tana cin kofifod, ƙananan halittun da suka fi yawa a cikin dabbobin da ke yawo a ruwan teku, da ƙwan kifi, da 'ya'yan kifi sababbin fashewa, da tsutsar kawa da ta dodon koɗi da ta ƙaguwa. Waɗannan duka suna ɗauke da man teku iri biyu, EPA da DHA, da suka samo daga gansakukan teku. Atimiya 'yar tafki ce, DHA ɗinta kusan babu. Ƙari a kan haka, sabon ɗan atimiya da guzurin gwaiduwarsa yake rayuwa, kowace awa yana ƙona shi. Wanda ya yini a gora ba a ba shi komai ba, fanko ne mai motsi.

Cin ƙwan kifi da 'ya'yansa ba ƙaramin al'amari ba ne a teku. A gaɓar Namibiya, bayan kamun sadin ya durƙushe, wani bincike na 2006 ya ƙiyasta nauyin jelifish a tan miliyan 12.2, na kifi kuma tan miliyan 3.6. Abinci ɗaya suke nema da kifin, suna kuma cin zuriyarsa. Akwai ma irin da 'yan uwansu suke ci, kamar Chrysaora, waɗanda a gidajen kifi sai an yanka musu Aureliya suke girma da kyau. Shi ya sa ba mu saka su a wannan aiki ba.

Gyaran shi ne a cika cikin atimiya da mai kafin a ba da ita. Bakinta yana buɗewa kamar awa takwas bayan fashewa, daga nan duk ƙanƙanin abin da ke ruwa tana tacewa ta haɗiye. Ana sayar da haɗaɗɗen mai na wannan aiki, amma ba a same shi a nan ba, sai aka haɗa na gida: man hantar kifi na kemis mililita 5, rabin gwaiduwar ƙwai ɗanye, ruwa mililita 100, a markaɗa a bilenda minti uku har ya zama kamar madara ba ɗigon mai a sama. Gwaiduwar ce ke riƙe man ya farfashe ƙanana yadda bakin atimiya zai ɗauka. A zuba mililita 4 a litar sabon ruwan gishiri mai ɗauke da atimiyar gora guda, iska mai ƙarfi, awa 12. Gwajin farko da mililita 10 ya kashe gorar gaba ɗaya, man ya shanye iskar ruwan, da safe sai wari. Bayan awa 12 a wanke sosai a rariya, a bayar nan take, domin atimiya tana saurin ƙona DHA ɗin da ta sha. Haɗin kwana uku yake yi a firiji, a zubar a yi sabo. Garin sifirulina, wata irin gansakuka, yana ƙara furotin da launi, amma ba ya maye gurbin man.

Jadawali yanzu: safe sabuwar ƙyanƙyasa, yamma mai shan mai.

30 ga Maris, 2025

Faɗi ya koma 4.6, kaurin lema ya dawo. Kasiyofiya ba su taɓa shiga wannan matsala ba, suna santimita 8 zuwa 9 da ciyarwa sau huɗu a mako. Da safe ake ba su. Da dare bugunsu yana raguwa, wani bincike na 2017 ya auna daga kusan 58 a minti da rana zuwa 39 da dare, ya nuna wani irin barci ne.

An gwada abinci uku na madadin a baho, don ranar da gora ta ƙi. Garin abincin 'ya'yan tarwada yana maƙalewa a lema, amma suna tofar da shi cikin dunƙulen yauƙi, ruwa ya ɓaci. Moyina, ƙumar ruwan daɗi da masu tarwada ke nomawa, tana mutuwa cikin mintoci a ruwan gishiri ta nutse. Wanda ya yi shi ne ɗanyen jatan lande na ɗakin sanyi: a ɓare, a markaɗa da ruwan teku, a tace ta rariyar shayi, a tari abin da ya wuce a rariya mai ido 120, a wanke har ruwan ya fito fes. A diga da sirinji a ƙarƙashin lema kusa da hannuwan baki, ɗan kaɗan. Sun karɓa. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma a ranar sauya ruwa.

13 ga Afrilu, 2025

Bazara ta kai maƙura, ɗakin yana digiri 35 da rana. Injin sanyaya ruwa ba ya hutawa. Daren Talata ba wuta, batirin sola ya ƙare wajen ƙarfe biyu, famfo ya tsaya tare da injin domin layinsu ɗaya. Da asuba ruwan ya tashi daga 19 zuwa 25, Aureliya duk suna kwance a ƙasa a kan juna da abincin yamma a cikinsu. Daga 17 da suka rage an rasa shida, huɗu sun huje.

Zafi yana cutarwa ta hanya uku a lokaci guda: jikinsu yana ƙona abinci da sauri, ruwa yana riƙe iska kaɗan, kuma kason amoniya mai guba yana ƙaruwa. An sauko da zafin a hankali, digiri ɗaya a awa, da gorunan ƙanƙara a tankin tacewa. Ba a ba su komai ba awa 24, sannan rabin kima kwana uku. Hujin da bai kai ciki ba yana rufewa da kansa in ruwa yana da tsabta, biyu sun riga sun rufe.

An raba layi. Famfon ruwa mai bolt 12 da na iska suna kan batirinsu daban, wanda zai kai awa 30. An naɗe tankin da soso mai kauri ban da fuskar gaba, an ɗaga saitin zuwa 21 don injin ya riƙa numfasawa. Abincin yamma ya dawo ƙarfe huɗu, don ciki ya zama wayam kafin dare.

Tankin Kasiyofiya ya kai 32, launin biyu ya fara kodewa, alamar suna zubar da gansakukansu. An cire murfi, an sa fanka tana hura saman ruwa, dabarar randa ke nan, ta sauke shi zuwa 29, sai dai ruwan cikawa ya ninka. Masu kodewar ana ba su atimiya kullum har launi ya dawo. Gororin ƙyanƙyasa kuma an mayar da su ƙasan siminti a cikin baho mai ruwa, domin sama da digiri 33 fashewar tana lalacewa. Yanzu a awa 16 ake kwashewa.

11 ga Mayu, 2025

An yi ruwa sau uku, zafi ya sassauta, laima ta shigo. Gwangwanin ƙwan da aka buɗe tun Nuwamba ya fara dunƙulewa, ƙidaya ta sauko 12. Ƙwan atimiya in ya sha laima yakan fara farkawa ya ƙone guzurinsa a banza. An raba sabon gwangwani a ƙananan kwalabe masu giram 30, kowace da ƙunshin maganin laima, an rufe gam an sa a firiji. Kwalbar da aka fito da ita sai ta huce kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta sauka a ciki.

Aureliya 11, matsakaicin faɗi santimita 7.4. A kan hannuwan bakin biyu daga ciki an ga 'yan ɗigo masu launin toka a jere, tsutsotsin da mace ke goyo ne, an rataya faranti biyu na roba a tankin tacewa ko za su manne su zama folif. Kasiyofiya shida suna nan, babbar santimita 12, kuma an sami folif ɗinsu a ƙarƙashin wani dutse. Nasu ɗumi yake so kafin ya saki efira, ɗaya-ɗaya kuma yake saki, sai ya kamu da gansakuka tukuna, don haka an matsar da dutsen ƙarƙashin fitila.

Kwalbar irin rotifa da ta koren gansakukan teku da za a ciyar da ita suna hanya daga Legas. An wanke bokitai biyu masu lita 20, an haɗa ruwa mai gishiri 20 cikin dubu, an ware musu tiyo da rariya mai ido maikiron 50 da ba za su taɓa gorar atimiya ba, domin atimiya kaɗan in ta shiga bokitin rotifa takan girma ta cinye musu abinci. Rukuni na biyu na folif zai shiga firiji ranar 18 ga wata, rabin efirarsa a ba su rotifa, rabi atimiya mai sanyi, a auna su duk kwana uku.